Ranar da Na Karɓe Gatarin Baba

Tun da likita ya gaya wa babban ɗana cewa in riƙa taka ƙasa, ba ni da sauran hutun Asabar. Da hantsi ya ɗaga sai in ji hon ɗin motarsa a bakin lungunmu na Gobarau, don lungun ba ya cin mota, in ɗauki sandata in fita ina mita. Asabar ɗin nan da ta wuce bai kai ni titunan GRA da muka saba zagayawa ba. Ya ce akwai wani lambun itatuwa a bayan gari, an kewaye shi da waya, an tara itatuwan ƙasarmu iri-iri a ciki, an fitar da 'yan hanyoyi a tsakaninsu don masu tafiyar ƙafa. Ya ɗebo matarsa da 'ya'yansa biyu, duk sun sa takalman masu guje-guje, kowa da gorar ruwa a hannu kamar za a ƙetare sahara. Na yi dariya a raina. Wai yau a Katsina sai an shiga mota, an yi tafiya mai nisa, an wuce ƙofar ƙarfe, kafin a ga ɗorawa da kanya a tsaye wuri ɗaya.

Wurin yana da kyau, ba zan ci amanarsa ba. Ruwa ya sauka kwana biyu kafin zuwanmu, ƙasa ta yi laushi, ganye ya yi shar. An share hanyoyin, an jera musu duwatsu a gefe an shafa farar ƙasa, kowace bishiya kuma an kafa mata ɗan allon ƙarfe da sunanta, na Hausa a sama, na boko a ƙasa. Jikata mace ita ke gaba tana karanta mana: ga marke, ga taura, ga ɗinya, ga aduwa, tana faɗin sunayen a hankali kamar sunayen garuruwan da ba ta taɓa zuwa ba. Ƙanenta yana biye da ita yana ɗaukar hoto da wayar uwarsa. Ba mai ɗaga murya, don an rubuta a bakin ƙofa a yi shiru saboda tsuntsaye. Surukata ta ce, "Baba, ka ji yadda wurin nan ke sanyaya rai?" Na ce mata na ji. Amma ni raina bai sanyaya ba. Shirun ne ma ya dame ni. Dajin da na sani ba ya shiru. Akwai sarar gatari daga nesa, akwai makiyayi yana kiran shanunsa, akwai 'yan mata masu itace suna waƙa suna tsine wa ƙaya, akwai jakin da ya tsinke ana binsa. Wannan kuwa sai ka ce ɗakin asibiti, itatuwa a jere kowa da takardarsa a ƙafar gado. Sai na tsinci kaina ina ɗaga ƙafa ina wuce su, sanda na dukan ƙasa, ɗana yana ce mini, "Baba, a hankali mana, ba koro mu aka yi ba."

Inda hanya ta lanƙwasa sai ga ƙirya. Ban duba allonta ba, ba na bukata. Ba ta tsufa sosai ba, amma ta miƙe, jikinta ya yi baƙi ya tsattsage yadda ƙirya ke yi. Ban san lokacin da na sa farce na ɓanto ɓawonta na kai hanci ba. Ina cikin shaƙa sai na ji murya a bayana: "Baba, don Allah a yi haƙuri, ba a ɓantar itacen." Na waiga na ga ma'aikacin wurin ne, cikin sabon kaki, karin guga bai ko kwanta ba. Ɗana ya taso masa: "Kai, ka san da wa kake magana? Wannan da kake gani ya yi aikin daji tun ba a haife ka ba." Na ce, "Rabu da shi, gaskiyarshi." Mutumin ya ɗan rusuna, ya sake ba da haƙuri, amma bai gusa ba sai da na yar da ɓawon. Na dubi fuskarsa na ga leɓɓansa sun bushe, yana ta haɗiyar yawu. Na san wannan haɗiyar yawun. Akwai bencin siminti nan kusa, na zauna na ce su ci gaba su zagayo su same ni.

Mahaifina masassaƙi ne, kuma ƙirya ita ce abincinmu. Da ita yake sassaƙa turmi da taɓarya, ragowar guntaye maƙera su zo su kwasa su yi gawayi. A Gobarau ta wancan zamani ba agogo ke tashin mutum ba. Ladan ne na farko, turmi na biyu. Ana idar da sallar asuba sai gida ɗaya ya fara, na kusa ya amsa, kafin gari ya waye unguwa ta ɗauka gaba ɗaya, 'yan mata bibbiyu ko uku-uku a turmi ɗaya suna lugude, suna jefa taɓarya sama su tafa su cafe. Baba yakan zauna a zaure da carbi a hannu yana saurare, ya ce, "Ka ji wancan mai zurfin murya? Na gidan liman ne, ƙiryar bakin rafi ce. Wancan mai ƙaran gwangwani kuwa ba aikina ba ne." Bai taɓa kuskure ba. Yanzu in ka tashi da safe a lungun nan ba abin da za ka ji sai injin niƙa da janareta da babur. Gari a leda ake sayowa, yaji ma a leda. A gidan ɗana akwai wani ɗan turmi a kicin wanda bai kai tsawon kamu biyu ba, ban taɓa jin an daka komai a cikinsa ba.

Tun ban kai in ɗaga gatari ba nake bin Baba daji. Mukan fita ta Ƙofar Kwaya raɓa na jiƙa mana ƙafar wando, mu ratsa gonaki, kafin hantsi mun shiga duhuwa. Ba nisa ba ne a lokacin, in ka hau ganuwa kana hango kan itatuwan. A hanya ba a jin yunwa. In lokacin kanya ne a sha kanya, in na taura ne a ci taura har muƙamuƙi ya gaji, ga tsada, ga magarya, ga ɗinya da ke baƙanta baki a dawo gida Inna ta gane inda aka tsaya. Baba ba ya faɗa wa itace haka kawai. Sai ya zagaya ta sau biyu, ya buga mata ƙotar gatari, ya kara kunne. Yakan ce, "Icce ba ya ƙarya. In da rami a cikinshi zai hwaɗa maka, kai ne dai ba ka saurara ba." Ba ya sarar wadda ba ta zubar da 'ya'ya ba, kuma in ya sara yakan bar kututture daidai gwiwa don ta yi toho. Na sha ganin ya yi tafiyar rabin yini ya dawo hannu rabbana, don wadda ya je dominta ya ga ba ta isa ba. In na yi ƙorafi sai ya ce, "Mai gaggawa shi ke sassaƙa turmin da ke tsagewa."

Kawuna, ƙanen Inna, masinja ne a wani ofis, shi ya matsa aka sa ni makarantar boko. Da na gama aka ɗauke ni malamin daji. Aka ba ni kaki da hula da keke da wani ɗan littafi mai baƙin bango na rubuta masu laifi. Ranar da na fara shigowa gida da kayan, Inna ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo. Baba ya dube ni daga hula har takalmi ya ce, "Allah shi sa albarka. To yanzu kai ne mai dajin ke nan?" Na yi dariya, na ɗauka wasa ne. A lokacin hukuma ta riga ta kafa turakun siminti ta mayar da dajin nan namu gandun gwamnati, ba a sarar ɗanyen itace a ciki sai da takardar izini. Na zauna na yi wa Baba bayani tiryan-tiryan, har na ce ni zan karɓo masa takardar. Ya ce, "In tahi in roƙi izinin iccen da kakana ya bar mani?" Na ce doka ce. Ya ce ya ji. Ni kuwa a lokacin kaina ya cika da kaki, ga an sa ranar aurena bayan kaka, ban ƙara bi ta kan maganar ba.

Wata safiya a ƙarshen damina muka fita zagaye ni da babban malamin daji, maigidana a wurin aiki. Baƙo ne daga wani lardi, mutum ne mai tsare gida, kuma bai daɗe da korar ma'aikata biyu ba saboda sun kawar da kai ga 'yan'uwansu. Ciyawa ta yi tsawo, muka sauka muna tura kekuna. Sai muka ji sara. Tun bugun farko na san hannun: biyu masu nauyi, ɗaya marar nauyi, sai a ɗan tsaya a ja numfashi. Da wannan sarar aka yi mini reno. Na ce, "Ranka ya daɗe, ina jin daga wajen gonaki ne, ba cikin gandu ba." Ya dube ni ya ce, "Kunnenka ya lalace ne? Mu je." Muka kutsa cikin sabara, ina tafe ina addu'ar Allah ya sa ya gama ya tafi, alhali ina jin sarar tana ƙara matsowa.

Muka same shi daga shi sai wando, ya rataye rigarsa a reshe, gumi na bin bayansa. Ƙiryar babba ce, miƙaƙƙiya, ya riga ya ci kusan sulusinta, jan cikinta ya fito. Ni ya fara gani. Maigidana ya ce, "Tsoho, ina takardarka?" Baba bai ko dube shi ba, ni yake kallo. Maigidana ya juyo gare ni ya ce, "Malam, karɓi gatarin, ka rubuta sunansa." Kalma biyu kawai ake bukata a wurin. In ce mahaifina ne. Suna nan a bakina, ina jin nauyinsu a kan harshe. Amma na tuna mutanen nan biyu da aka kora, na tuna auren da ke gabana, na tuna guɗar Inna, sai na haɗiye su tare da yawu. Na zaro littafin, na buɗe, na dubi mahaifina na ce, "Mi sunanka?"

Ya sauke gatarin ƙasa. Sannan ya faɗi sunansa, ya faɗi sunan ubansa, a hankali yadda zan iya rubutawa. Na ce, "Unguwa?" Ya ce, "Gobarau, in Malam ya san wurin." Na rubuta. Ya share bakin gatarin da tafin hannunsa, ya juya shi, ya miƙo mini ƙotar da hannu biyu, kamar yadda ake miƙa wa babba abu. Na karɓa. Ya ɗauki rigarsa ya saɓa a kafaɗa, ya yi wa maigidana sallama, ya bi hanyar gari ba tare da ya waiwayo ba. Ni na ɗaure gatarin a bayan kekena, muka ci gaba da zagaye har azahar.

Ran nan da aka tashi aiki ban iya nufar gida ba. Na yi ta bin gindin ganuwa da keke, daga wannan ƙofa zuwa waccan, sai da aka kira magariba na shiga. Inna ta tare ni a tsakar gida, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ka san turmin wa ya tahi sarowa? Na matarka. Shekara nawa yana kewaya ƙiryar nan yana cewa ta ɗana ce, ba ta isa ba tukuna, sai bana ya ce ta isa." Ban ci tuwo ba. Kwana uku ina shiga ina fita kamar ɓarawo a gidanmu, in na ji tarinsa a zaure in bi ta ƙofar baya. A na huɗu na je na sami maigidana na gaya masa gaskiya. Ya ajiye alƙalami ya ce, "Me ya hana ka faɗa a can? Ai da gargaɗi kawai zan yi masa. Ni ma ina da uba." Ya yage shafin, ya sa aka ɗauko gatarin daga sito aka ba ni. Wallahi da korata ya yi da ya fi mini sauƙi.

Na kawo gatarin na durƙusa a zaure. Baba yana zaune yana gyaran wata tsohuwar taɓarya. Na ce, "Baba, ga gatarinka. Ka yafe mani." Ya ce, "Ajiye can, Malam. Ba ka yi mani komi ba. Wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi mashi aski." Na ajiye a kusurwa, kuma a nan ya zauna har tsatsa ta cinye bakinsa. Daga ranar bai sake kirana da sunana ba, sai Malam, har ya koma ga Allah. Bai yi fushi da ni a fili ba, bai ƙi gaisuwata ba, ya yi hidimar aurena yadda uba ke yi, ya yi wa 'ya'yana huɗuba. Daji ne dai bai ƙara shiga ba. Ya koma gyaran turamen da suka tsage da feƙe muciya da ƙotar fartanya da guntayen da ake kawo masa. Matata ta zo da turmin kasuwa, kullum safiya yana zaure yana jin ƙararsa, bai taɓa cewa uffan ba. Kafin a yaye ɗanmu na fari turmin ya tsage.

Ƙiryar kuwa ba ta mutu ba. Ta rayu da saranta, bakin ciwon ya yi baƙi ya naɗe, na yi shekaru ina wuce ta a zagaye ina kawar da kai. Daga baya gari ya fara cin gandun, yau a yanka fuloti nan, gobe a fitar da titi can, motar ture ƙasa ta shigo ta yi kwana biyu ta kwantar da abin da Baba ba zai iya sarewa ba ko da an ba shi rai goma. Masu gawayi suka kwashe sauran. Yanzu in ka fita ta Ƙofar Kwaya sai gidajen mai da shaguna da masu buga bulo, ka yi ta tafiya ba ka sami inuwar da za ka tsaya ka gyara takalmi ba. Ina cikin kaki aka yi wannan duka, littafin yana aljihuna, ban rubuta sunan kowa ba, don masu yin sun zo da takardarsu.

Ina nan zaune a bencin lambun sai ga ɗana da iyalinsa sun zagayo. Jikata ta ce, "Ango ya gaza! Ashe ƙarfin na baki ne." Na ce, "Amarya, ke da ba ki san taura ba sai a allo, ina ke ina gasa da ni?" Ta yi dariya, ƙanenta ya matso yana nuna mini hotunan tsuntsaye. Na duba, na yaba, amma na kasa zama na kasa tashi. Ɗana ya ce, "Baba, ko jikin ne?" Na ce, "Ba jikin ba ne. In mun fita kada ka kai ni gida, ka sauke ni wajen Yaya." Ya ce ai ranar Laraba muka je. Na ce na sani.

Yaya ita kaɗai ta rage mini a ɗakinmu. Ta girme ni da shekara biyar, tana zaune a gidan ɗanta a Ƙofar Kwaya, ƙafa ta ƙi amma kai garau. Lokacin da abin gatarin ya faru ta zo wankan haihuwa gida, don haka tana nan aka yi komai, amma ni da ita ba mu taɓa ɗaga maganar ba. Na same ta a tabarma tana tsince zogale a faifai. Muka gaisa, ta tambayi jiki, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi ruwan shekaranjiya ko ya yi mana ɓarna, na amsa duka. Sannan na ce, "Yaya, ranar da Baba ya dawo daji ba gatari, kina gida. Mi ya ce?"

Ta tsayar da hannunta a cikin zogalen. Ta ce, "Sai yau?" Na ce sai yau. Ta ce, "Ya shigo ya wanke ƙafa, Inna ta dama mashi fura ya sha. Ta ce ina gatarin? Ya ce, 'Yau na ga ɗanki a bakin aiki. Hannunshi ko rawa bai yi ba.'"

Na ce, "Shi ke nan?"

Ta ce, "Shi ke nan."

Na ce, "To Yaya, yabo ne ko mi?"

Ta dube ni da idanun nan nata da suka fara fari, ta ce, "Ni da Inna mun yi shekaru muna wannan gardama. Ita har ta rasu tana cewa yabo ne."

Na ce, "Ke fa?"

Ta jawo faifan ta ci gaba da tsintar zogalenta. Ta ce, "Tashi ka tahi, ɗanka na jira a mota."